Turmai na Hartum da mutanen da suka zo a ƙasa

Ƙanena, ka tambaye ni ko da gaske ne an taɓa yin jirgin lantarki mai bin tsakiyar titi a Hartum, kuma in an yi, ko Hausawan nan sun hau shi, ko kuwa duk suna can gonakin auduga kamar yadda ake ba ku labari a Sakkwato. An yi shi mana. Turmai ake ce masa. Ni ban riske shi ba, amma mahaifina ya hau shi har ya gaji, kakana kuwa yawanci da ido yake raka shi.

Abin da kuke kira Hartum garuruwa uku ne da ruwa ya raba: Hartum ɗin kanta, da Bahri a hayin Shuɗin Nilu, da Umdurman a hayin Farin Nilu. A 1904 Turawan Ingila suka shimfiɗa dogo cikin gari, sai dai jirgin farko mai tururi ne, irin wanda ya yi aiki a Legas daga 1902 zuwa 1933. Na Legas ya mutu bai ɗanɗani lantarki ba. A wancan lokacin mai zuwa Umdurman sai ya sauka a Mugran, inda kogunan biyu suka haɗu, ya jira jirgin fito. A 1928 aka buɗe gadar ƙarfe ta Farin Nilu, aka ja waya a sama, wani ƙarfe daga rufin tarago yana gogar wayar yana janyo wuta. Kamfanin Sudan Light and Power ne ke tafiyar da shi, shi ne kuma mai ba gari wutar lantarki da ruwan famfo.

To, mutanenmu fa? Ka tuna yadda suka zo. Wasu sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garinsa ke nan kusa da Sinnar da sunansa har yau. Mafi yawa kuwa maniyyata ne da suka tako daga Kano da Katsina da Borno, suka ratsa Wadai da Darfur, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na yankin Jazira, dubbai sun nufi can, wannan gaskiya ne. Amma birni ma ya ɗauki nasa kason: 'yan ga-ruwa, wanzamai, masu dako, masu gasa tsiren da duk Sudan ta sani da sunan agashe, da mata masu tallar gyaɗa da fura.

Mutumin da ya yi shekara yana tafiya a ƙasa, kana jin zai fid da kuɗi don ya je kasuwa? Kakana duk kuɗin da ya shigo hannunsa, da jirgin ruwan Jidda yake auna shi. Yana da ƙaramar jaka ta fata da ba ta barin wuyansa, abin da ya shiga cikinta ya zama na Makka, ko ciwo ba ya fito da shi. Idan turmai ya tsaya a gabansa sai ya kauce ya ci gaba da takawa. Ba ya hawa sai in kaya sun yi nauyi, ko in ana sauri zuwa jana'iza a wani hayin, don ɗan ƙasarmu ba ya rasuwa a nan mu bar shi a hannun baƙi. Wasu maƙwabta na ɗaukar wannan a matsayin rowa. A ganina ba su fahimta ba ne: mutum ne da bai ɗauki kansa ɗan gari ba, yana kan hanya ne kawai, ko da hanyar ta ci shekara talatin.

'Ya'yan da aka haifa a nan su ne suka saba da turmai. Mahaifina kan ba mu labarin yadda samari ke dira daga tarago yana cikin tafiya, wasu ma su dira da baya don burgewa, kwandasta, wanda a nan ake kira kumsari, yana ta zaginsu. A cikin taragon ya goge Larabcinsa, a nan ya san unguwannin Umdurman, daga Maurada har kasuwa. Da ya shigo gida kuwa sai Hausa, don tsohon ba ya amsa wa ɗansa da Larabci. Wannan tsarin bai canza ba a gidaje da yawa: Larabci a waje, Hausa a tsakar gida, musamman wajen biki da suna da gaisuwar mutuwa.

A 1962, zamanin mulkin Janar Abbud, aka daina aikin turmai, motocin bas suka karɓe fasinja. Tashoshinsa na tsakiya sun bar sunansu, don har yanzu akwai wurin da ake ce wa Mahatta Wusta a Umdurman da Bahri. Kafin lokacin jirgin sama ya fara kwashe alhazai daga Kano kai tsaye, masu zuwa a ƙasa suna ta raguwa. Kakana ya sauke farali ya dawo Umdurman, bai koma Sakkwato ba, ya ce iyalin sun yi yawa.

Maganar zuwa ka gani da idonka, ka dakata tukuna. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa gidaje da yawa, namu ma wasu suna Gadarif, wasu suna Fot Sudan.