An kwaikwayi injin da na ƙirƙiro, in kai ƙara?

Tambaya: Ni mai walda ne a Kano. Shekara biyu ke nan ina ƙera wani injin ɓare gyaɗa da ni na ƙirƙiro shi, ina sayarwa har Maraɗi. Yanzu wasu sun kwaikwaya suna karya farashi. Ina da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Zan iya maka su a kotu?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Amma kada ka yi saurin biyan lauya kuɗin shigar da ƙara, domin takardar da ke hannunka ba ta wannan faɗan ba ce. Rajistar CAC sunan kasuwancinka ta tabbatar, ba ta ce komai a kan injin ba. Abin da ke kare ƙirƙira shi ne takardar haƙƙin ƙirƙira, ƙarƙashin dokar 1970, kuma wani ofishi ne daban a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja ke bayar da ita. Tana aiki shekara 20 daga ranar da aka nema, muddin ana biyan kuɗin kowace shekara.

Ga inda gizo ke saƙa. Dokar ta ce sai abu sabo ne, wato bai fita ga jama'a ba kafin ranar nema, ko ta rubutu, ko ta baki, ko ta amfani da shi. Kai kuwa shekara biyu injinka yana kasuwa. Za ka iya samun wanda zai ce maka ka kawo kuɗi ya karɓo maka takardar, kuma mai yiwuwa ya karɓo ɗin, domin ofishin cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Sai ran da kuka tsaya gaban Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke da hurumin irin wannan shari'a, lauyan wancan ɓangaren ya fito da rasiɗin da ka rubuta da hannunka bara, ya nemi a soke takardar. A ganina wannan kuɗi asara ne.

Abin da ya rage maka shi ne suna. Ka yi wa injin tambari ka yi masa rajista; shekara 7 ce da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Sai dai ka lura da abin da ka sa a takarda. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Ferodo na Ingila da kamfanin Ibeto a kan kayan birkin mota. Ferodo ya ce an kwaikwayi kamannin kwalinsa, kotu ta ce kalmar Ferodo ce tambarin da ke da rajista, launi da adon kwali ba sa ciki, sai Ferodo ya faɗi shari'ar. Saboda haka in akwai wani zane ko launi da manoma ke gane injinka da shi, ka gaya wa lauya ya shigar da shi ƙarara. In kuma masu kwaikwayon suna liƙa sunanka a nasu don mai saye ya ɗauka naka ne, to wannan kana da ta cewa a kotu tun yanzu.

Na san mai hannu irin naka ba ya rasa sabon gyara a zuciya. Wannan karon ka nemi takarda kafin ka nuna wa kowa, har yaran shago ka sa su rattaba hannu kan riƙe sirri, domin a dokarmu wanda ya riga shigar da nema shi ake fara bai wa haƙƙi.

Batun Maraɗi kuma, takardar Abuja ba ta ƙetare iyaka. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar haƙƙin ƙirƙira da tambari ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, kuma rajista ɗaya a can tana aiki har Chadi da Kamaru. Ka lissafa cinikin da kake yi a can tukuna, ka ga ko zai ɗauki kuɗin.