Leburori sun tono tukwane da ƙasusuwa a gonata, me doka ta ce?

Tambaya: Ina da gonar gado a wajen Maiwurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Na soma haƙa harsashin sito da ɗakin injin matsar gyaɗa, sai leburori suka ci karo da fasassun tukwane, jan bulo da ƙasusuwa. Maƙwabcina ya ce in mayar da ƙasa in ci gaba, kada gwamnati ta ƙwace gonar. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, a dakatar da haƙan tukuna. Shawarar maƙwabcin naka ita ce za ta ja maka ɗauri ko tara, don abin da leburori suka gani ba ya ɓoyuwa.

Dokar kare kayan tarihi ta Sudan ta 1999 ta ce duk abin tarihin da ya kai shekara 100, a binne yake ko a sarari, na gwamnati ne, ko a gonar wa ya fito. Wanda ya same shi wajibi ne ya sanar da hukuma. Yankinku kuwa ba abin mamaki ba ne. Sinnar ce fadar sarakunan Funj daga 1504 zuwa 1821, a Jabal Moya da ke yankin kuma wani Bature, Henry Wellcome, ya tono dubban kaburbura tsakanin 1910 da 1914. Ita kanta Maiwurno ta haura shekara 100, ka ga ko tsohuwar maƙabartar kakanninmu tana iya shiga ƙarƙashin dokar. Tunda akwai ƙashi, fara da 'yan sanda, domin da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ba kowane ƙashi ne na dauri ba.

Daga nan ka rubuta wa hukumar kula da kayan tarihi da gidajen tarihi ta ƙasa, ka riƙe kwafi mai hatimi da hotunan ramin. Su za su turo masana. Sau tari ana auna wurin, a kwashe abin kwashewa, a sakar maka. Ko ka matsar da ginin wani gefen gonar, wanda a ganina ya fi sauƙi. Ka shirya wa kuɗin binciken, don doka ta ɗora shi kan mai cin moriyar aikin.

Idan wurin ya zama mai muhimmanci, gwamnati na da ikon karɓarsa ta biya diyya, kuma a nan ne takardunka za su yi magana. Mai shahadar bahas, wato takardar shaidar mallaka daga ofishin rajistar filaye, yana tsaye da ƙafarsa. Wanda hiyaza kawai gare shi, wato riƙon fili ba tare da rajista ba, kamar yawancin gonakinmu na gado, hujjarsa ba ta kai nan ba: tun dokar 1970 filin da ba rajista na gwamnati ne, dokar mu'amalolin farar hula ta 1984 kuma haƙƙin amfani ta bar wa manomi. In haka taka take, nemi takardar umda (hakimin yankinku), rasiɗan haraji da dattawan da suka san iyakar gonar, kafin masanan su iso.