Darasin haƙƙin ɗan Adam zai sa 'yata ta raina ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare (JHS) a nan Kumasi. Tun da aka fara koya musu haƙƙin ɗan Adam, da na ɗaga mata murya sai ta ce ita ma tana da 'yanci. Ga wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp, wai Turawa ne suka cusa darasin don yara su riƙa kai iyaye kotu su bar addini. Hankalina ya tashi. In cire ta ne? Daga wata uwa a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana ita. Kada ki cire ta. Yarinya ce ta ji sabuwar magana tana gwada ta a kanki, zai wuce.

Wannan saƙon kuwa na gaji da shi. Kusan duk taron iyaye da malamai sai wani ya miƙe da waya a hannu ya kunna mana irinsa, in ka ce ya nuna shafin da aka rubuta haka sai ya hau kame-kame. Abin da ake koyarwa babi na 5 ne na kundin tsarin mulkin Gana na 1992, kuma kundin nan bai tsaya kan haƙƙi kaɗai ba, sashe na 41 ya jero abin da ke wuyan ɗan ƙasa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ma, a sashe na 31, ta ɗora wa yaro girmama iyaye da manya. Dokar yara ta 1998 ba ta hana ki tsawata wa 'yarki ba, horon da ya wuce hankali ta hana, irin wanda ke barin tabo a jiki. Wane malamin addini ne ya halatta wannan?

Abin da ke ƙona min rai shi ne mu mutanen Zango muka fi kowa buƙatar darasin, mu ne kuma ake zugawa mu guje shi. Tambayi tsofaffin unguwa abin da ya faru a 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Har da waɗanda aka haifa a nan aka kwasa. Yau ma saurayi zai je yin katin ɗan ƙasa, a ga sunansa Sani ko Bala, a ce ya faɗi garinsu na asali, sai ya sunkuyar da kai ya koma gida. Da an koya masa sashe na 6 na kundin tsarin mulki, ya san cewa wanda aka haifa bayan kundin ya fara aiki, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Da ya san sashe na 14, ya san dole a gaya wa wanda aka kama dalili da harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi. 'Yarki kuma, ranar da wani zai ce ta cire hijabi a bakin ɗakin jarrabawa, sashe na 21, mai kare 'yancin addini, shi ne zai tsaya mata. Da hujjar 'yancin addini da na ilimi ne babbar kotun Accra ta umarci makarantar Achimota a 2021 ta karɓi ɗalibai 'yan Rasta da gashinsu.

Gaskiya wasu malamai na da laifi: a haddace jerin haƙƙoƙi don BECE, jarrabawar kammala JHS, a tsallake nauyin da ke tare da su. Ki karɓi littafinta na Social Studies, ta karanta miki babin tana fassarawa da Hausa, sannan ki je ki samu malamin ku yi magana. In da sauran shakka, ofishin NCCE (hukumar wayar da kan 'yan ƙasa) na yankinku aikinsu ke nan, ki shiga ki tambaya, ba a biyan ko sisi.