Tambaya da Amsa: Ɗana kurma ne, kullum shi ne na ƙarshe a aji

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 kurma ne tun haihuwa. Shekara uku ke nan da na sa shi a makarantar gwamnati ta masu buƙata ta musamman, yanzu yana aji uku. Kowane zango shi ke zuwa na ƙarshe ko kusa da haka, musamman a Turanci. A ajinsu akwai ɗan shekara 8, akwai ɗan 15. Makarantar ce ba ta da kyau, ko yaron ne ba shi da ƙwaƙwalwa? Daga wani uba.

Amsa: Malam, Allah ya raya mana shi. Kafin ka yanke wa yaron ko makarantar hukunci, sai ka san su wane ne ke zaune tare da shi a ajin, domin matsayi na ɗaya ko na ashirin a irin wannan aji ba ya nuna kaifin basira.

Kurame ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka haifa ba ya ji, kamar ɗanka. Akwai wanda ya girma yana ji har shekara 6 ko 7, sai sanƙarau ko ƙyanda ko ciwon kunne mai zubar da mugunya ya tafi da jinsa. Wannan na biyun ya riga ya iya Hausa, ya san yadda ake jera magana, wataƙila ma ya fara karatu. Akwai kuma mai ragowar ji, wanda na'urar ƙara ji ke taimaka masa. Idan aka haɗa su a jarrabawa ɗaya, wanda ya taɓa ji shi zai yi gaba kusan kullum.

Sai batun shekarun shiga. Ɗanka ya shiga yana da shekara 9, kuma shekarun farko na rayuwa su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe. In a gida ba a yi masa komai sai nuni da hannu na "zo" da "ci abinci", to ya isa makaranta ba shi da cikakken harshe ko ɗaya. Can kuma ya tarar da wani sabon abu. Maganar hannu da kuramen ƙasar Hausa ke yi a unguwa daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, wadda tushenta na Amurka ne, tun aikin koyar da kurame da Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke, ya fara a Ibadan a 1960. Bayan haka a ce ya rubuta jarrabawa da Turanci, harshen da bai taɓa jin sautinsa ba. Abin da ya sa Turancinsa ya fi rauni ke nan, alhali za ka iya tarar da lissafinsa ko zanensa da dama-dama.

Ka je wurin shugaban makarantar da tambayoyi huɗu. Yara nawa ke hannun malami ɗaya? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce goma, in sun kai talatin akwai gyara. Malamin ajin ya iya maganar hannu sosai, ko rubutu yake cika allo da shi yara su kwafa? Nemi izini ka zauna a aji minti ashirin, za ka gani da idonka: in yara na ɗaga hannu suna mayar masa da martani, ana koyo. An taɓa yi wa yaron gwajin ji? Sannan a nuna maka littattafan aikinsa na shekarar farko da na bana, ka ajiye su gefe da gefe. Wannan kwatancen ya fi katin sakamako faɗin gaskiya.

In ba a yi gwajin ba, kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Takardar sakamakon gwajin za ta nuna ƙarfin rashin jin da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti. In ya haura 90, na'urar ƙara ji ba ta cika kai yaro ga fahimtar magana ba, sai a dage da maganar hannu. In yana da na'ura, duba ta kowace safiya: tsaya bayansa ka furta "a, u, i, m, sh, s", ya ɗaga hannu duk wanda ya ji. Batir kan mutu cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma in na'urar na yin ƙara kamar fito, galibi robar kunnen ce ta yi masa kaɗan don ya girma. A duba idonsa ma, domin kurma da ido yake karatu.

Abin da ya fi duka: ku mutanen gida ku koyi maganar hannun makarantar. Alama biyar a rana, shi ya koya muku. Yaron da ke da abokin hira a gida ba ya mantawa da karatu a lokacin hutu.

Tambaya: 'Yar ƙanwata makauniya ce, shekararta 8. Mahaifinta ya ce ba ya son ta yi kwana a makaranta, kuma wai karatun ba ya kai su ko'ina. Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, wannan tsoron na cikin abin da ya sa 'yan mata suka fi ƙaranci a irin waɗannan makarantu, ba don makanta ta fi kama maza ba. Damuwarsa abin dubawa ce. Ku je tare ku ga ɗakin kwanan mata, ku gana da matar da ke kula da su, ku tambayi wa ke da izinin fita da yarinya. In akwai makaranta kusa, ta yi jeka-ka-dawo.

Karatu kuwa yana kai su. Tun 1953 ake koyar da makafi a Gindiri da ke Jihar Filato. Makaho yana jin harshe kamar kowa, don haka da zarar ta iya rubutun birel, mai ɗigo shida da ake taɓawa da yatsa, za ta bi darasi daidai da sa'o'inta. Ku saya mata allon birel da tsinkensa nata na kanta, domin aro na jawo koma baya. Inda suka fi shan wuya shi ne lissafi da zane-zanen kimiyya, saboda haka ku tambaya ko akwai malamin lissafi da ya iya birel. Hukumar JAMB tana da cibiyoyi na musamman da makafi ke rubuta jarrabawar shiga jami'a, har da Kano, kuma dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba ta haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Kada ku bari wannan zangon ya wuce ba a yi mata rajista ba.