Game da ba masu binciken kasuwa lambar waya

Malam, ka tambaya ko akwai haɗari a ba masu binciken kasuwa da suka tare ka a Agege sunanka da lambar wayarka. A ƙa'ida, kamfanin kirki yana ware sunan mutum daga amsoshinsa, kuma jimillar amsoshin jama'a kawai yake miƙa wa wanda ya ba shi aikin. Lambar wayar galibi domin mai duba aiki ya kira ya tabbatar an yi hirar ne. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023 ta ba ka 'yancin neman a goge bayananka, hukumar kare bayanai ta Nijeriya (NDPC) kuma tana karɓar ƙorafi. Amma wanda ya nemi lambar BVN da sunan bincike, ni a ganina ka rabu da shi.