Muna son sabar Git ta kanmu a ofis: tsohuwar kwamfuta za ta iya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke rubuta manhaja a wani ɗan ofis a Kano, muna amfani da Git, manhajar da ke adana kod da tarihin gyare-gyarensa. Wani da muke yi wa aiki ya kafe cewa kod ɗinsa ba zai zauna a GitHub, shafin ajiye kod na intanet, ba, sai dai a hannunmu. Muna da tsohuwar kwamfutar tebur mai RAM giga 4 da ke ajiye tana shan ƙura. Za ta iya zama sabar? GitLab za mu ɗora mata ko wani abu daban? Bayan an kafa kuma, me ya rage?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwamfutar za ta iya, amma kada ka ɗora mata GitLab. Manhaja ce mai kyau, sai dai tana zuwa da tawagar wasu manhajoji: PostgreSQL da Redis da Sidekiq da Gitaly, kowanne yana neman nasa rabon RAM. A giga 4 za ta tashi da ƙyar, sannan ta yi ta nishi duk lokacin da mutum biyu suka buɗe shafi tare. Abin da ya dace da ku shi ne Gitea ko Forgejo. Asalinsu ɗaya: Gitea ta ɓalle daga Gogs a 2016, Forgejo kuma ta ɓalle daga Gitea a 2022, tana ƙarƙashin inuwar Codeberg, ƙungiyar da ba ta neman riba a Jamus. Da harshen Go aka rubuta su, kowacce fayil guda ce da za ka sauke ka kunna. Ni Forgejo nake sa wa mutane yanzu, amma idan ka ɗauki Gitea ba ka yi asarar komai ba.

Kafin ma nan, ka san cewa Git kansa, tun da Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005, ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman kafin a samu sabar. Kwamfuta mai SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa cikin tsaro, da umarnin `git init --bare` sun isa mutum biyar su riƙa turawa suna jawowa. Abin da Forgejo ke ƙara muku shi ne shafin da za ku duba aikin juna kafin a haɗe shi, da wurin rubuta matsaloli, da iko kan wa zai ga me. Tunda akwai abokin ciniki a tsakani, wannan ikon kaɗai ya isa dalili.

Kafawar ba ta wuce aikin yamma ɗaya ba. Ka sa Debian ko Ubuntu na sabar, ka buɗe asusu mai suna git wanda ba shi da ikon shugaba, ka ajiye fayil ɗin Forgejo, ka rubuta masa hidimar systemd don ya riƙa tashi da kansa. Shafin zai fito a ƙofa ta 3000. Wajen rumbun bayanai ka zaɓi SQLite. Mutum biyar ba za su taɓa gajiyar da shi ba. Da zarar ka buɗe asusun farko, wanda shi ne na shugaba, ka shiga fayil ɗin saituna na app.ini ka sa `DISABLE_REGISTRATION = true` don a rufe buɗe sabon asusu. Duk sabar da aka bari a buɗe a intanet, ba a daɗewa masu tallan bogi suke cika ta da asusu. Kowa ya sa makullin SSH ɗinsa, a kashe shiga ta SSH da kalmar sirri.

Sai batun yadda za a iso ta daga waje. Idan da rauta mai layin waya kuke shiga intanet, da wuya a ce kuna da adireshin IP naku na kanku. Kamfanonin waya kan haɗa jama'a da yawa a bayan adireshi guda, don haka ko ka buɗe ƙofa a rautar, babu wanda zai same ka daga gida. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin cikas, ni kuwa ina ganinsa gaba ta kai ku. Ku sa Tailscale, manhajar da ke haɗa kwamfutoci ta hanyar sirri, a kwamfutocinku biyar da sabar, ku kaɗai ke ganinta, sauran duniya ba ta ma san da ita ba. Idan dole sai abokin cinikin ya shigo ta burauza, to nan ne za ku nemi adireshin IP naku na kanku da sunan yanki, ku sa manhajar Caddy a gaba ya karɓo takardar shaidar Let's Encrypt ya riƙa sabunta ta da kansa.

Wuta fa? Git ba ya son a yanke masa numfashi yana tsakiyar rubutu. Idan aka ɗauke wuta daidai lokacin da wani ke turawa, kana iya wayar gari da saƙon cewa wani fayil a cikin objects, inda Git ke adana kod, fanko ne, ma'ajiyar ta ƙi buɗuwa. Ku haɗa sabar da UPS ko inbata, ka kuma shiga BIOS ka saita ta ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Faifan tsohuwar kwamfutar ma ban yarda da shi ba; SSD sabo ya fi arha a kan abin da za ku rasa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Za ka ji masu cewa ai Git a rarrabe yake, kowa na da kwafi a kwamfutarsa, don haka ajiyar ko-ta-kwana ba dole ba ce. Rabin gaskiya ne. Kod ɗin yana wurin kowa, amma matsalolin da kuka rubuta, da muhawarar da aka yi kafin haɗe aiki, da asusun mutane da makullansu, duk a rumbun bayanai suke, kuma `git clone` ba ya ɗauko ko ɗaya. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanan babban shafinsu bisa kuskure. Da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu, sai suka tarar yawanci ba sa aiki, suka rasa bayanan kusan awa shida. Ma'ajiyun kod ba su taɓu ba. Abin da ya tafi shi ne irin waɗannan da na lissafa. Su da kansu suka wallafa labarin dalla-dalla.

Ni ma na taɓa shan irin wannan a wani ofis da na kafa wa sabar. Kowane dare cron, mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, yana yin ajiya, kowace safiya sabon fayil yana nan da kwanan watansa, hankalina kwance. Ranar da na zo buɗe ɗaya, sai na ga girmansa sifili. Faifan ya cika tun watanni, fayilolin suna ne kawai. Tun daga nan ban ƙara kiran abu ajiya ba sai na mayar da shi a wata kwamfutar na ga ya tashi.

Don haka ka tsara `forgejo dump` ya gudana da dare. Yana tattara ma'ajiyu da rumbun bayanai da app.ini cikin fayil guda, kuma ya fi tsabta idan an tsayar da hidimar na ɗan lokaci. Kwafi ɗaya ya bar ginin, ko a faifan da wani zai tafi da shi gida, ko a gajimare bayan an kulle shi da restic ko borg. Ka tambayi abokin cinikin ko ya yarda da na gajimaren, tunda shi ya fara kawo sharaɗin. App.ini kuwa ka riƙe shi da kyau, domin a cikinsa SECRET_KEY yake, idan ya ɓace duk wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu zai tsaya a waje.

Sabuntawa ba wuya: ka karanta bayanin sabuwar fitowa, ka yi ajiya, ka tsayar da hidimar, ka musanya fayil, ka kunna. Ajiyar ta zo kafin komai, saboda sabuwar siga tana gyara tsarin rumbun bayanai da zarar ta tashi, tsohuwar kuma ba za ta sake karɓarsa ba. Sabunta Debian ɗin kansa kuwa ka bar wa unattended-upgrades, mai yin hakan da kansa.

A cikinku biyar a fitar da mutum ɗaya da sunansa wanda sabar ke wuyansa, da na biyu da ya san inda kalmomin sirri suke. Su rubuta matakan mayar da ajiya a takarda, a kuma ajiye takardar a wani wuri da ba cikin sabar ba. Kuɗin SSD da UPS da lokacin mutumin nan kuma, ku saka su a lissafin da za ku kai wa abokin cinikin.