Kada ka kama wa baƙin biki ɗaki da sunanka

Na ga saƙonka na daren jiya. Ka ce baban amaryar nan da ya ba ka aikin bikin Disamba ya ce ka je ka kama ɗakuna 20 a otal saboda dangin ango da za su zo daga nesa, ka ba da kafin alƙalami daga aljihunka, in an watse ku yi lissafi. Kana tambaya ko ka biya. Da wata tambayar ce, da na bari sai ka zo shago. Wannan kam sai da na tashi zaune, don irin maganar da aka yi mini ke nan sak a 2017, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kada ka biya. Ko sisi.

Ba zan ɓata bakina wajen koya maka yadda ake duba ɗaki ko neman ragi ba. Wanda ya shekara uku yana bin bayana, in bai san wannan ba, ya koma gida kawai. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda babban mutum yake cin kuɗin ƙaramin mutum yana murmushi.

Wani Alhaji ne a Nasarawa GRA a Kano, mai gida da motoci, zai aurar da 'yarsa ga wani ɗan Maiduguri. A falonsa ya zaunar da ni, aka kawo lemo, ya ce: "Malam, surukaina mutanen Barno ne, ba na son a ji kunya. Ɗakuna 22, kwana uku, daga Alhamis zuwa Lahadi. Ka kama kawai, ni da kai ai ba ta ɓaci." Lokacin ina da shekara 14 a sana'ar nan ta shirya biki, ban taɓa samun aiki mai girman wannan ba, kuma farkon Disamba ne, baje kolin Kano na ci a titin Gidan Zoo, ga bukukuwa ko'ina, ɗaki ya yi wuya a gari. Na ji tsoron in na tsaya jiran kuɗinsa ɗakunan za su tafi. Na samu wani otal a wajen Bompai, ɗaki naira 15,000 a kwana. Ka buga lissafin da kanka: naira 990,000. Manaja ya ce a wannan lokaci ba ya riƙe wa kowa ɗaki da baki, sai an ba da rabi, kuma wanda ya sa hannu shi ke da alhakin ragowar ko an kwana ko ba a kwana ba. Na kwaso kuɗin da nake tarawa na sayen rumfuna da kujeru, na biya, na sa hannu da sunana.

Ranar Alhamis da la'asar suka iso, bas biyu da ƙananan motoci, don a shekarun nan ba mai bin hanyar Damaturu da dare, da sassafe ake fitowa. Ina tsaye a ƙofar otal da makullai a hannu. Sai wata dattijuwa, gwaggon ango, ta leƙo ta taga ta ce ita ba ta baro garinta don ta kwana a otal ba, tana da 'yar uwa a Hotoro, can za a kai su. Duk matan suka bi ta, har da yara. Dattawan maza kuma wani abokin kasuwancinsu na Kantin Kwari ya riga ya share musu sashen baƙi a gidansa. Wa ya rage mini? Abokan ango da wasu samari. Ɗakuna 8 aka buɗe. Sauran 14 suna kulle kwana uku, ana ƙirga mini kuɗinsu.

A daren na kira Alhaji. Ya ce in bari a gama biki, yanzu kansa ya ɗau zafi. Na bari, don kunya. Su kuwa samarin nan, tun da ba a gaya wa kicin komai ba, suka riƙa aikawa a kawo kaza da farfesu da lemo, suna cewa a rubuta a ɗaki. Biyu daga cikinsu ma ba su fita ranar Lahadi da sha biyu ba, suka zarce har Talata. Abinci da ƙarin kwana kaɗai ya kai naira 170,000.

Bayan an kai amarya na je gidansa da rasit. Sau huɗu mai gadi yana ce mini ba ya nan, motarsa tana fake ina kallo. A zuwa na biyar ya fito, ya duba takardar, ya ce shi ɗakin da aka kwana ya sani, ɗakuna 8 kwana uku, ga 360,000. Na ce Alhaji, kai ka ce 22. Ya ce: "Ina ka ga na rubuta?" Wallahi haka ya ce mini, a gaban ɗansa. Ba ni da takarda, ba ni da shaida, ko saƙon waya babu. Naira 800,000 ta hau kaina. Sai da na sayar da Golf ɗina na biya otal, na yi shekara biyu ina hawa adaidaita sahu zuwa wajen aiki, ina hayar rumfunan da da nawa ne. Mutumin nan har yau muna haɗuwa a ɗaurin aure, yana miƙo mini hannu. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To ka ji. Gobe ka koma wurin mutuminka, ka ɗauke shi ko ɗansa ku je otal ɗin tare. Sunansa za a rubuta, kuɗin ya fita daga asusunsa zuwa asusun otal, rasit ya fito da sunansa. Kai naka sa ido da la'adarka, ita ma ku yanke ta tun yanzu. In ya ce ba shi da lokaci, ya tura kuɗin, ya aiko maka da saƙo a rubuce mai adadin ɗakuna da kwanaki. In ya fara cewa ba ka yarda da shi ba ne, to ka san da wa kake magana.

Sannan wannan 20 ɗin, daga ina ta fito? Daga bakin uban amarya, wanda bai san ko mutum nawa za su taso ba, shi dai a ce ya yi bajinta. Ka nemi lambar babbar yayar ango ko gwaggonsa, mace dai, ita ta san wa zai zo, wa ke da 'yan uwa a gari, wace tsohuwa ce ba za ta taka otal ba. A wurinmu mata gidan biki suke so, wurin lalle da hira da kamu. Sau da yawa in an ce 20, da ƙyar 10 za su cika. Ka sa manaja ya rubuta ranar da za a iya sakin ɗakunan da ba a buƙata ba tare da an ci kuɗinsu ba, ko da mako guda kafin biki. Ya kuma rubuta cewa kwana kawai aka biya, duk wanda ya ci abinci ko ya wuce sha biyun ranar fita, aljihunsa. Ka tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin farashin, don a ranar biya suke fito da shi. Kuma Disamba hunturu ne, ruwan zafi ya fi na'urar sanyi muhimmanci ga tsofaffi, hazo kuma yana jinkirta jiragen Abuja, saboda haka a riƙe wa masu zuwa ta filin jirgin Malam Aminu Kano ɗakinsu har tsakar dare.

Ku yaran yanzu matsalarku biyu. Kuna ganin hoton ɗaki a Instagram ku tura kuɗi, ba ku taka ƙafa kun ji ko janareta na tashi ba. Sannan kuna rawar jiki a gaban mai babbar riga, kuna son a ɗauke ku hoto kusa da shi, har ku kasa buɗe baki ku ce ya kawo kuɗi. Ni da na yi wannan kuskuren babu wanda ya gaya mini, maigidana ya riga ya rasu. Kai ga shi an gaya maka.

Kafin Laraba ina son ganin sunayen baƙin a rubuce, da rasit mai sunan baban amarya. Ka kawo su shago bayan azahar in duba kafin ka sake taka otal ɗin.